Mariƙin Buroshin Baba

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Na sayi wannan littafi ne don in riƙa rubuta abin da nake koya, kada ya zube mini kafin in shiga aji. Shekara tara ke nan ina koyar da zanen kayan amfani a kwaleji, da fensir da kwamfuta, amma duk abin da na iya a kwamfuta bai wuce akwati da bututu da rami ba. A ba ni murabba'i in ja shi ya zama bulo, in huda shi, in goge bakinsa, shi ke nan. Wannan zangon kuma sai aka ce in koya wa 'yan aji biyu yadda ake gina fatar abu: jikin buta, bayan kujera, mariƙin almakashi, duk abin da ba shi da kusurwa, wanda hannu ke shafawa ya zame.

Na ce wa shugaban sashe, "Yallaɓai, ni ma fa ban iya ba." Ya ce, "Madalla, ai ba ki manta wahalarsa ba ke nan." Na fito ina dariya. Da mako ɗaya tak na fi ɗalibaina. Wani darasin ma da kwana ɗaya.

Tun ranar da hannun Baba na dama ya shanye na dawo ɗakina na da a gidansu. Teburin da na yi karatun jarrabawar sakandare a kansa shi ne teburin kwamfutata yanzu, kuma har yau ƙafarsa ɗaya sai an cusa mata kwali.

Baba ya sha shayi. Da hagu.

Litinin, ƙarfe 4 na yamma

Wayyo daɗi! Darasin farko ya tafi lafiya.

Komai da layi yake farawa, layi mai lanƙwasa, wanda 'yan ɗigogi ke riƙe da shi daga nesa. Ka ja ɗigo ɗaya, layin duka ya biyo shi a hankali. Na ce kowa ya zana gefen buta. Akwai wani a layin gaba da suke kira Injiniya, don tun shekarar farko yake sa fensir uku a aljihun riga. Shi ya fara gamawa, ya ɗaga hannu yana taƙama. Na je na duba: ɗigo sittin da huɗu! Layin nasa kamar hanyar da ruwan sama ya cinye.

Na ce, "Injiniya, buta ce wannan ko bayan kada?"

Aji ya ɗauki dariya. Ya ce, "Malama, ai so nake ya fita daidai."

Na goge na sake masa da ɗigo biyar. Layin ya kwanta luf. Sai wata yarinya da nake kira Me-ya-sa, don ba ta bari magana ta wuce ba ta tare ta ba, ta ce, "Malama, me ya sa kaɗan ya fi yawa kyau?" Na ce, "Don kowane ɗigo yana da ra'ayinsa. Ki tara sittin su yi shawara ki gani." Jiya da yamma na koyi wannan amsar, amma na faɗe ta kamar da ita aka haife ni.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe 5:15 na yamma

Baba ya ce in sauko masa da akwatin.

Ya kamata in rubuta wannan sosai. Shekara arba'in da ɗaya Baba yana rubuta allunan shaguna da hannu. Rabin titin kasuwa rubutunsa ne: mai gyaran agogo, mai ɗinki, kantin magani. Ina ƙarama nakan bi titin ina karantawa da ƙarfi, ina ce wa mutane, "Babana ne ya rubuta." Buroshinsa ashirin da uku suna cikin wani akwatin katako, kowanne da lambarsa, kowanne a gurbinsa. Tun da aka rufe shagon akwatin yake kan kabad.

Na sauko da shi. Bai buɗe ba. Ya ce, "Uwata, na aika wa Mai-Tsani. Ranar Asabar, ashirin da takwas ga wata, zai zo ya ɗauka." Mai-Tsani shi ne wanda ya koyi aiki a wurinsa shekarun baya, yanzu magidanci ne mai shagonsa a wani gari, har da furfura, amma sunan riƙe tsani bai sake shi ba.

Na ce, "Baba, ai da sauran lokaci."

Ya ce, "Gashin buroshi bushewa yake in ba a jiƙa shi. Ba zan bar su su mutu a kan kabad ba."

Umma ta tashi ta ce wai ta bar ruwa a kan wuta. Babu komai a kan wuta.

Na san Baba. Ranar da akwatin nan ya fita daga gidan nan, ya daina gwadawa ke nan.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Na gano wani abu a manhajar zanen da ya hana ni karin kumallo. In ka gama shimfiɗa fata tsakanin layukanka, akwai wurin da za ka danna, sai ta zuba wa abin ratsi baƙi da fari kamar jikin jakin dawa. In fatar ta yi santsi, ratsin zai gudana kamar ruwa. In akwai lotsawa ko ƙaramin tudu da ido ba ya gani, ratsin zai karye a wurin, ya tona maka asiri.

Na yi ta juya butata ina kallo, sai na tuna Baba. In ya gama allo ba ya kallonsa ta gaba. Yakan jingina shi wajen da rana ke faɗowa, ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya bi gefen harafi da kallo. Ashe tun tuni shi yana da jakin dawansa a ido.

Na kai masa kwamfutar har kujera na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wuyan butar nan ya karkace." Na ce ratsin bai nuna ba. Ya ce, "To ratsin naki makaho ne." Na duba da kyau. Ya karkace.

Wannan ce dariyarsa ta farko a wannan watan.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Ina tsakiyar bayani kan mariƙin buta, ina ce musu hannu ne ke yanke hukunci ba ido ba, sai maganar ta tsaya mini a baki. Buroshi siriri ne. Matsalar ke nan. Yatsun Baba ba sa rufuwa har su kai ga siririn abu. Amma in da buroshin na da jiki, jiki mai cika tafin hannu, wanda aka gina shi don wannan hannun kaɗai fa?

A ƙasan bene muna da injin da ke fitar da abin da ka zana, da roba, hawa-hawa.

Me-ya-sa ta ce, "Malama, me ya sa kika yi shiru?" Na ce, "Ina lissafin kwanaki." Ashirin da biyu.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Na zo da yumɓu daga kwaleji. Na ɗauki buroshi mai lamba takwas, wanda Baba ya fi so, na naɗe shi da yumɓun har ya yi kauri, na kai masa na ce ya matse.

Ya ce, "Yanzu kuma wasan laka za ki sa ni? Na koma ɗan raino?"

Umma daga bakin ƙofa ta ce, "Ai ɗan raino ya fi ka jin magana. Matse mata, malam, ka bar mu mu huta."

Ya ce, "Kun haɗa kai ke nan."

Ta ce, "Tun kafin a haife ta."

Umma ce ta ɗora masa hannun a kai, ta gyara yatsun. Ni na tafi ɗauko ruwa. Da na dawo an gama. Na sa yumɓun a kwali na rufe.

Ban gaya masa na mene ne ba. Akwatin na kan tebur a falo.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

Yumɓun ya bushe. Na kai shi aji na ce aikin wani dattijo ne. Muka ɗauki hotonsa ta gaba, ta gefe, ta sama, muka jera hotunan a manhaja. Muka auna kaurinsa a wuri bakwai, kowane wuri muka zana masa zobe. Sai na ce, "To ku kalla." Na zaɓi zobban bakwai, na danna, fata ta lulluɓe su gaba ɗaya kamar an sa wa ƙashi nama.

Aji ya yi "Kai!" Ni ma na yi, a zuci.

Injiniya ya ce, "Malama, kamar dankali." Na ce, "Dankalin nan sai ya fi butarka daraja." Ya ce a ba shi mako ɗaya.

Ina son yaran nan. In abu ya shige su, fuskarsu kamar an buɗe taga.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Asibiti. Mun je, mun dawo.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Darasin yau: yadda fata biyu ke haɗuwa. Iri uku ne, kuma littafin ya ba su sunaye masu lamba da ba sa zama a kai. Sai na ce musu:

Na farko, sun taɓa juna kawai, amma kowa da inda ya dosa. Nan za ka ji kaifi a yatsa. Waɗannan maƙwabta ne masu gaisawa ta kan katanga.

Na biyu, sun taɓa juna kuma sun fuskanci hanya ɗaya. Yatsa ba zai ji komai ba, amma haske zai gani. Waɗannan abokan tafiya ne.

Na uku, sun taɓa, sun fuskanci hanya ɗaya, har lanƙwasarsu ɗaya ce, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Wani daga baya ya ce, "Wannan aure ne, Malama!" Me-ya-sa ta ce, "Auren wa? Na gidanmu dai irin na farko ne." Sai da na zauna don dariya.

A hanyar gida na yi ta tunanin Umma da Baba. Ba sai na faɗi irin nasu ba.

Baba ya ci abinci sosai. Da hagu.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Tun safe nake kan mariƙin. Na zuba masa ratsi, ko'ina yana gudana, sai wuri ɗaya. A gefen hagu, can ƙasa, akwai wani rami mai zurfi a jikin yumɓun, kuma ratsin na isa wurin sai ya dagule kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Na ƙara ɗigo, ya ƙara lalacewa. Na rage, ya yi ƙulli.

Na ɗauki wani tsohon hoton Baba da ke bango, yana kan tsani da buroshi a hannu. Na duba inda babban yatsansa yake zama: can sama, a miƙe, kamar mai nuna hanya. Ba a ƙasa ba. Babu abin da zai kai babban yatsa can ƙasa. Ina jin yumɓun ne ya lotsa a cikin jakata tun yana ɗanye.

Na cike ramin. Na yi wa yatsan gurbi mai kyau a sama, inda ya dace.

Ratsin ya gudana daga kai har gindi, babu inda ya yi tuntuɓe. Na yi minti goma ina juya shi kawai. Ban taɓa yin abu mai kyau haka ba. Na yi tsalle har kwalin ƙafar tebur ya fita.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Mai kula da injin, wanda kowa ke kira Oga, ya dawo mini da aikin. Ya ce, "Malama, jirginki na yoyo." Ashe fata ba ta zama abu sai ta rufe ruf, ko kafar allura babu. A gindin mariƙin akwai ɓarakar da ba ta kai kaurin gashi ba. Na maida abin darasi: kowa ya nemo ɓarakar aikinsa. Ta Injiniya a ƙasan buta take, daidai inda ruwa zai zauna. Ya ce, "Ai ta ado ce." Muka ɗinke duka kafin a tashi.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 4:45 na yamma

Ya fito! Awa biyar injin yana zirga-zirga, yara suna leƙe ta gilashi kamar masu jiran haihuwa. Shuɗi ne, sumul, buroshin ya shige ramin tsakiyarsa cif. Ya zaga aji hannu zuwa hannu. Oga ya riƙe ya ce, "Wannan ko ni sai in yi rubutu." Shugaban sashe ya ce a ajiye ɗaya a kabad ɗin nuni.

Gobe bayan asibiti zan ba Baba.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Ya faɗi sau uku.

Laraba, ƙarfe 5:30 na yamma

Bari in rubuta, tunda don koyo na sayi littafin.

Ya yi murna da ya gani, na ga hakan. Ya juya shi da hagu, ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya ce, "Aiki ya yi kyau, Uwata." Umma ta sa masa a dama. Ya zame. Ta sake sawa. Ya zame. Na uku shi ya gwada da kansa, ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujera, kuma babu wanda ya sunkuya.

Ya ce, "Ina lakar?" Na kawo. Ya ɗora hannun a kai, ya zauna daram, kamar ƙafa a tsohon takalmi. Ya dubi shuɗin da ke ƙasa, ya dube ni.

Ya ce, "Hannun wa kika auna? Na bara?"

Bai faɗa da faɗa ba. Da ma ya yi faɗan.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Akwatin ya koma bakin ƙofa. Ban san wa ya kai shi ba.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Na koyar. Sun ce dattijon ya ji daɗi? Na ce mu buɗe shafi na arba'in.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Umma ta same ni a kicin ina wanke kofin da na riga na wanke. Ta ajiye yumɓun a gabana, ta sa yatsanta cikin ramin nan.

Ta ce, "Jakarki ba ta yi komai ba. Nan yatsan yake kwana yanzu."

Na ce, "Na ɗauka..."

Ta ce, "Ba ki ɗauka komai ba. Wata biyu kina gidan nan. Kin kawo magani, kin kai asibiti, kin gyara famfo, Allah ya yi miki albarka. Amma duk lokacin da za a taɓa hannun nan sai ƙishirwa ta kama ki. Ni kullum da safe nake wanke shi. Hannu ne, 'yar nan. Bai zama dodo ba."

Na yi kuka kaɗan. Ta ce in na gama in ɗauraye kofin karo na uku.

Asabar, ƙarfe 4 na yamma

Na ɗauki ma'auni da fensir na je na zauna a ƙasa gaban kujerarsa. Na ce, "Baba, ba ni hannun."

Ya ce, "Wanne? Mai aiki ko mai hutu?"

Na ce, "Mai hutu. Hutun ya ƙare."

Na riƙe shi. Da ɗumi. Har yanzu akwai ɗigon koren fenti a gefen farcen tsakiya, wanda sabulu ya gaza tun ina firamare. Babban yatsan ya naɗe ciki, ya kwanta ƙasa. Na kalle shi sosai, na auna shi ta ko'ina, na rubuta. Ashe ba rauni ne kawai a wurin ba. Da na sa yatsana a ƙarƙashinsa na ce ya danna, sai da na ce wash. Duk ƙarfin da ya rage a hannun nan, a wannan yatsan ya taru. Wurin da na cike shi ne kaɗai wurin da zai iya riƙewa.

Ya ce, "Kin ga? Kin goge mini ma'aikaci ɗaya da ya rage a shagon."

Muka yi dariya har Umma ta leƙo ta ce ko an raba wani abu ne ba a kira ta ba.

Kwana bakwai.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 3 na yamma

Na gaya wa aji gaskiya. Na ce dattijon mahaifina ne, mariƙin ya faɗi, kuma laifina ne. Na ɗora shuɗin da yumɓun a tebur na ce su nemo bambanci. Suka gani nan take.

Sai muka koyi abin da ya kamata in koya tun farko. Ba a tilasta wa fata ɗaya ta yi komai. Ka yanke taga a jikinta daidai wurin, ka gina ramin daban da nasa layukan, sannan ka ɗinke bakinsa da sauran jikin da haɗuwa irin ta uku. Sau shida muna yi yana ƙi. Na bakwai na zuba ratsi. Ya taho, ya iso ramin, ya kewaye shi kamar ruwa ya sami dutse, ya wuce. Ya lanƙwasa iya lanƙwasa, amma ko ɗaya bai karye ba.

Me-ya-sa ta buɗe baki. Na jira. Ta ce, "A'a, na gane."

Na rubuta ranar a allo don tarihi.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Asibiti. Ma'aikaciyar da ke masa gashin hannun ta ce yatsan ba zai koma inda yake da ba. Na rubuta. Ga shi nan, na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba.

A mota Baba ya yi ta kushe allunan hanya. "Dubi wancan. Harafin tsakiya kamar ya sha duka."

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Shuɗiyar roba ta ƙare ana tsakiyar aiki. Oga ya ce ko a jira mako mai zuwa, ko ya ci gaba da ruwan lemo. Na ce ko da kalar me ce. Ya fito rabi shuɗi rabi ruwan lemo, da rami a gefe kamar an cije shi. Wannan ba mai shiga kabad ɗin nuni ba ne.

Na sa babban yatsana a ramin, na naɗe shi yadda nasa yake. Ya kama.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Na ba Baba. Ya ce, "Wa ya haɗa miki kalar nan? A kama shi." Na ce ya gwada. Ya ce, "Ajiye a nan." Na ajiye a hannun kujera. Bai taɓa ba.

Ban matsa ba. Umma ta yi mini ido, na fita.

Akwatin na bakin ƙofa.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe 7:10 na safe

Warin fenti ne ya tashe ni.

Asabar, ƙarfe 5:40 na yamma

Mai-Tsani ya iso wajen ƙarfe goma, da babbar riga da jakar tsaraba, ya durƙusa yana gaisuwa. Bai gama ba Baba ya ce, "Tashi, cire rigar nan. Riƙe mini allon can."

Ya ce, "Baba, ai na zo ne..."

"Na san abin da ya kawo ka. Riƙe. Ɗaga hagu. Hagu na ce! Shekara ashirin ba ka san hagunka ba?"

Mutum mai 'ya'ya biyar ya tsaya a tsakar gida riƙe da farin allo yana murmushi kamar an ba shi kyauta. Umma ce ta buɗe gwangwanin ja tun da safe, ita ta dama. Ta sa wa Baba mariƙin a dama. Yatsan ya faɗa raminsa. Na ji kamar ƙarar sakata, ko da yake babu ƙarar komai.

Bai faɗi ba.

Ya tsoma, ya share bakin buroshin a gefen gwangwani sau biyu yadda ya saba, ya ja numfashi. Ba harafi ya yi ba. Layi ya ja, irin wanda yake ja a ƙarƙashin sunan shago, daga wannan gefe zuwa wancan, da 'yar wutsiya a ƙarshe. Ya ɗauki lokaci. Gumi ya keto masa. Wajen tsakiya hannun ya yi rawa, layin ya ɗan yi tsalle, sannan ya dawo hanya ya ƙarasa.

Sai Mai-Tsani ya fara goge ido da kafaɗa, don hannayensa na riƙe da allo, Baba ya ce, "Kar ka karkata mini aiki da kukanka."

Bayan an ci abinci aka zo kan akwatin. Baba ya ce alkawari alkawari ne, a buɗe. Ya ce, "Na takwas dai ba ya ciki." Mai-Tsani ya ce to. Baba ya leƙa. "Na sha biyu ma bar shi, Uwata za ta yi masa riga. Da na huɗu, don ƙananan haruffa. Wannan mai faɗin kuma ba ka iya shi ba tukuna." Haka aka yi ta yi. Mai-Tsani ya tafi da buroshi shida a cikin jakar tsarabarsa, su ma Baba ya ce aro ne. Akwatin ya koma kan tebur.

Umma ta ce, "Bawan Allah ya yi tafiyar awa uku don ya riƙe allo." Mai-Tsani ya ce gobe ma in an kira shi zai zo.

Da suka fita rakiya, na jingina allon inda rana ke faɗowa. Na karkata kai, na rufe ido ɗaya, na bi layin. Ga wurin nan a tsakiya, inda ya yi tsalle.

Ashe Baba yana bayana.

Ya ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani, Baba."

Ya ce, "To kar ki goge mini."

Ranar Litinin zan kai allon aji. Akwai sauran yumɓu a kwali, kuma ya ce in zo in auna na sha biyu kafin hannun ya huce.